Ranar da Garba Ya Ari Garka

Delu ba ta tashi neman garkarta, lambunta na bakin tabki, ba sai da ta ji za a kewaye ta da waya. A kasuwa ta ji, a bakin mai awon wake, ita kuma mai awon ba ta ma san da wa take magana ba. Wai Bala ɗan marigayi Garba ya gama magana da wani alhaji na Ɗan Issa. Da an cire albasar bana alhajin zai kawo giriyaji, wayar shinge, ya zagaye wurin, ya sa inji ya riƙa jawo ruwa daga tabki, tsohuwar rijiyar da ke tsakiya kuma a cike ta da ƙasa, tunda ba ta da sauran amfani.

Delu ta karɓi wakenta ta ɗora a kai ta koma gida. Ba ta ji komai a ranta ba. Ta yi azahar, ta share tsakar gida, ta ɗauko waken za ta jiƙa na ƙosan gobe, sai da ta gama juyewa ta ga ashe a randar ruwan sha ta juye shi. Ta tsaya tana kallonsa yana nutsewa har ya zauna a gindi.

Garkar nan a bakin tabkin Madarumfa take, inda ruwa ke ja da baya da rani ya bar baƙar ƙasa. Gadon ubanta ce, ba ta miji ba, kuma babu tsohon da bai san haka ba, ko da yanzu duk sun zama kurame. Ɗanta na fari ke nomanta, Mainasara, wanda ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba, kamar yadda uwa ba ta kiran ɗan fari. Wancan take ce mashi, ko mai garka. Shi ya haƙa rijiyar da hannunsa. A shekarar babban fari, da tabki ya gudu can tsakiya ya bar garake a bushe, ya shiga ya ƙara mata zurfi, bangon ya rufto mashi. Garba, maƙwabcinsu na garka, shi ya tono shi, da fartanya da farko, daga baya da yatsu don kada ƙarfe ya taɓa shi. Ko da aka fito da shi ya riga ya cika.

Bayan sadakar bakwai Garba ya zo ya durƙusa a zauren gidanta. Mijinta na zaune a kan buzu, tsohon liman na gefe. Garba ya ce albasar yaron na mutuwa, ta ara mashi garkar ya gyara rijiyar ya riƙa ba ta ruwa. Aro ya ce. Kunnenta ya ji. Ta ce ya ɗauka.

To a nan, wanda ya ari ƙasa ba ya dasa itace a cikinta, kuma kowace shekara yakan kai wa mai ƙasa wani abu daga farkon abin da ya girbe, ko dami ko kwando. Ba don mai ƙasa ya ƙoshi ba ne, don unguwa ta ga an kai. Garba ya cika al'ada. Ya ɗauko kwandon albasa a kansa da rana tsaka, ya biyo ta gaban masallaci kowa na gani, ya sauke a ƙofar Delu. Ta leƙo ta ga albasar, manya-manya, jajaye, sun sha ruwan rijiyar nan sun ƙoshi. Ta ce ya mayar. Shekara ta zagayo ya sake kawowa, ta ce ya mayar. Daga baya ko fitowa ba ta yi. Unguwa ta ga kwando na zuwa yana komawa, unguwa kuma ta san ma'anar haka tun kaka da kakanni: mai ƙasa ya ce na bar maka. Wane ne a cikinsu ya tako ya tambaye ta dalili? Babu ko ɗaya. Garba ya gaji ya daina, ya dasa mangwaro. Miji ya mutu, liman ya mutu, Garba ya bi su. Mangwaro ya girma har yara na jifa.

Washegarin kasuwa ta sami Bala a ƙofar gidansa yana ɗaurin igiyar guga. Ya miƙe ya gaishe ta da ladabi, ya sa aka kawo tabarma. Ba ta zauna ba.

"Garkata na zo karɓa."

"Wace garka, Inna?"

"Kana da garake da yawa ne? Wadda ubanka ya ara."

Bala ya dube ta ya dubi igiyar. "Inna, ni a cikinta na tashi na ga babana. Abin da ya wuce ya wuce."

Ta je wajen mai gari. Ya saurare ta yana jan carbi, ya ce zai tara mutane ranar Alhamis tunda ta nace, amma ta sani, ba ta da shaida a raye, kuma abin da ya wuce ya wuce. Ƙanwarta ta can garin Sarkin Yamma ta aiko mata da gaisuwa da wannan maganar. Kamar an raba masu ita a masallaci, kowa ya ɗauki tasa ya ajiye yana jiran ta.

A ɗakin zaurenta akwai wani malamin lakwal, makarantar boko, da ke haya, Ɗanladi, ana ce mashi Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, mutumin Damagaram, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Lissafi da ilimin haske da ƙarfi yake koyarwa a kwaleji. Shekarar nan malamai na yajin aiki, lakwal a rufe, don haka da safe sai ya fito da kujerarsa gindin dogon yaron da take suyar ƙosai, ya zauna da littafi. Mutum ne da in bai koyar ba ba ya jin daɗin jikinsa. Ya taɓa tsare mai tallar gishiri ya yi mashi bayanin dalilin da ya sa sama take shuɗiya, har mutumin ya manta da jakinsa.

Da safen nan layi ya watse, saura ƙullu kaɗan a ƙwarya. Delu na juya ƙosai tana magana ita kaɗai.

"Inna, da wa kike faɗa?"

"Da ƙasar nan duka. Ya wuce, ya wuce. Ina ya wuce ya tafi? Wa ya raka shi?"

Mushe ya rufe littafinsa a kan yatsa. "Kin san a wajen masu irin karatuna ba kowa ya yarda da wannan maganar ba."

Ba ta ɗago ba. "Wace?"

"Cewa abin da ya wuce ya ɓace. Inna, kin taɓa zuwa Ɗan Issa?"

"Ji shi. A can aka huda mani kunne."

"Da kika hau mota kika baro ta kika iso nan, Ɗan Issa ta ɓace?"

"Yunwa ce ke damun ka? Ga ƙosai."

"Tana nan, da duwan ɗinta masu karɓar harajin kan iyaka da 'yan canjinta. Ke ce kika bar wurin. To akwai manyan masana, waɗanda suka auna haske da tafiyar taurari, da suke ganin kwanaki ma haka suke. Jiya ba ta ɓace ba, mu ne muka baro ta. Tana can inda take, kamar gari a bakin hanya."

"Wa ya je ya gano?"

"Ba wanda ya je. Lissafi ya kai su." Ya gyara zama, ya ajiye littafin a ƙasa, ya sami ɗaliba. "Kin ga ranar nan da ke dukan ki? Ba ta yanzu kike gani ba. Kafin haskenta ya iso nan kin soya kasko guda kin kwashe. Agogo biyu iri ɗaya, a sa ɗaya a jirgin sama a bar ɗaya a ƙasa, in jirgi ya dawo ba za su yi daidai ba. An gwada. Bambancin ƙanƙane ne, ido ba ya kama shi, amma yana nan. Har ma abin da wani zai ce yana faruwa yanzu, wani da ke wucewa da gudun da ya fi hankali zai ce a'a, tuni ya faru, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. To in yanzu ba ɗaya ba ce ga kowa, wa ke da ikon jan layi ya ce daga nan zuwa can babu shi?"

Ita ba ruwanta da agogo, ba ta taɓa ɗaurawa ba. Jirgi ma a sama kawai take ganin sa. Ta tsame ƙosan ƙarshe ta zuba a kwando, ta janye itace daga murhu.

"Ranar da Garba ya durƙusa a zauren can ya ce in ara mashi. Tana nan?"

"In maganarsu gaskiya ce, tana nan."

"Da bakin Garba a ciki? Da kalmar da ya faɗa?"

"Da komai."

"Da mai gidana a kan buzu, da liman?"

Sai a nan Mushe ya fara ganin inda aka nufa da shi. "Inna, ki tsaya."

"Ka wanke rigar nan taka mai aljihu. Alhamis za mu gaban mai gari."

Ya yi magana har bakinsa ya bushe. Ya ce wannan ba irin maganar da ake kai wa gaban shari'a ba ce. Ya ce masanan ma ba duka suka yarda ba, wasu na cewa lissafin daidai ne amma fassarar ce ta yi nisa. Ya ce shi baƙo ne a garin nan, kuma ma'aikacin gwamnati, ba ya shiga rigimar ƙasa. Ta bar shi ya gama.

"Ƙarya kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"A'a."

"To gaskiya ce a lakwal, ta zama ƙarya a ƙofar mai gari? An ce ba ni da shaida don shaiduna sun mutu. Kai ka ce suna nan zaune. Ka je ka faɗa. In ba za ka je ba, ka kwashe littattafanka, in sa awaki a ɗakin."

Ranar Alhamis da hantsi aka taru a rumfar ƙofar mai gari. Labari ya riga su isa, har masunta sun bar komarsu sun zo jin shaidar malamin lakwal. Mai gari na kan kujera, sabon liman na damansa. Bala ya zauna a ƙasa da 'yan uwansa. Delu ta zauna daga gefe inda mata ke zama, ta miƙe ƙafafu, ta ja mayafi. Mushe na tsaye da rigarsa mai aljihu, bai san inda zai sa hannuwansa ba.

Ta faɗi nata a gajarce. Garka ta ubanta ce, Garba ya ara, tana son abinta kafin a cike rijiya.

Bala ya ce shi bai musanta cewa asalin wurin na gidansu Inna ba ne. Amma ubansa bai taɓa ce mashi aro ba ne, kuma a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ya ce akwai mutane a rumfar nan da suka ga kwando na komawa. Tsofaffi uku huɗu suka gyaɗa kai. Ya ce da aka dasa mangwaro ba da dare aka dasa ba.

"Inna Delu, shaidarki," in ji mai gari.

Ta nuna Mushe da haɓa.

Mushe ya gyara murya ya faɗi abin da ya faɗa mata, na Ɗan Issa, na rana, na agogo. A gindin dogon yaro maganar ta fi daɗi. A nan sai ta riƙa fitowa guntu-guntu, yana yi yana tura tabarau. Bai kai ƙarshe ba wani masunci daga baya ya ɗaga murya.

"Mushe, akuyata da ta ɓace bara, ita ma tana can? Nuna mani hanya in je in kamo!"

"Kai bar akuya," in ji na kusa da shi. "Haƙoran Sule za mu fara ɗaukowa, ya daina jiƙa ƙuli-ƙuli."

Rumfa ta ɗauki dariya, har Sulen. Mai gari ya ɗaga hannu, shi ma yana danne tasa.

"Mushe, kai ka ga ranar da ake magana?"

"Ban gani ba, ranka ya daɗe. Lokacin ina Damagaram ina ɗan lakwal."

"Za ka iya kai mu mu gani? Ko mutum ɗaya, mu wakilta liman."

"Ba hanyar komawa. Hanyar gaba kawai take yi da mu."

"To garin da ba mota mai zuwa, ba jaki, ba ƙafa." Mai gari ya juya. "Liman, me littafi ya ce?"

Liman ya ce shi bai ji abin dariya ba a maganar malamin. A wajen Allah babu jiya babu gobe, komai a rubuce yake, na baya da na gaba, wannan ba turawan nasara ne suka fara sani ba. Kuma ranar da za a tashe mu, kowace rana za a buɗe ta a gani. Sai dai mu ba a ba mu allon nan ba. Da abin da ido ya gani, kunne ya ji, muke hukunci.

"Ka ji ko," Delu ta ce daga inda take. "Liman ma ya ce tana nan."

"Inna, ba haka na ce ba."

"Haka ka ce. Ba kurma ce ni ba."

Sai Bala ya nemi izini ya tambayi shaida. Bai yi dariya tare da mutane ba tun farko, fuskarsa a ɗaure take.

"Mushe, ranar da babana ya ɗauko kwando a kansa, tsoho da shi, aka ce mashi ya mayar a gaban jama'a. Ita ma tana nan?"

Mushe ya dubi Delu. Ba ta dube shi ba.

"Tana nan."

"Da ta shekarar da ta biyo?"

"Ita ma."

"Da ranar da ya dasa mangwaro ba wanda ya ce mashi uffan? Da duk safiyar da ya ja guga har bayansa ya lanƙwashe?"

"Duk suna nan. Lissafin ba ya zaɓe."

"To ni ma shaidata ke nan," in ji Bala. Ya koma ya zauna.

Mai gari ya jira surutu ya kwanta. Ya sassauta murya. "Inna Delu, ke kin san al'ada fiye da ni. Me ya sa kika riƙa mayar da kwandon?"

Delu ta gyara mayafi. Tana kallon babban yatsan ƙafarta. Can ta ɗago, ba wajen mai gari ba, wajen Mushe.

"Ranar rijiya fa?"

Wanda ya yi maganar akuya ya sunkuyar da kai. Tsofaffin da suka gyaɗa kai ɗazu su ne suka riƙe igiya ranar, sun tuna.

Mushe ya cire tabarau. Da ya ce bai sani ba da ba wanda zai kama shi.

"Tana nan, Inna."

"Wancan yana ƙarƙashin ƙasar ke nan har yanzu. Garba na tono."

"Ranar na nan inda take. Amma safiyarta ma na nan, da duk shekarun da ya yi kafin..."

"Ban tambaye ka safiya ba."

Ta faɗe shi kamar yadda take ce wa mai saye ƙosai ya ƙare. Ba ta yi kuka ba. Wasu matan da ke bayanta suka yi, ta juya ta dube su har suka daina.

Mai gari ya yanke. Ya ce kwando ya koma ba sau ɗaya ba, itace ya girma ba a hana ba, shaidun aro sun riga mu gidan gaskiya. Garka ta Bala ce. Ya roƙi Bala, roƙo ba umurni ba, ya yi wa alhajin magana ko zai bar rijiyar. Bala ya ce zai faɗa, amma mai saye shi ke da abinsa. Mai gari ya ce in Inna ba ta gamsu ba kotun jastis na nan Maraɗi. Kowa a rumfar ya san abin da za a fara tambayar ta a can, takarda, ita kuwa ranar da Garba ya durƙusa ba wanda ya riƙe alƙalami.

Ta tashi ta kaɗe zaninta. A hanya Mushe na biye da ita daga baya-baya. Ta tsaya ta sayi barkono.

Da asuba ta niƙa wake kamar kullum, ta hura wuta, ta soya. Masu saye suka zo suna magana ƙasa-ƙasa kamar gidan makoki, ta ce wa ɗaya in ba shi da lafiya ya tafi likita. Da layi ya watse ta ji motsi a zaure, ta leƙa ta ga Mushe na jera littattafai a kwali.

"Wa ya kore ka?"

"Na ɓata maki shari'a, Inna."

"Ka faɗi abin da ka sani. Fito da kujerarka, ƙosai na hucewa."

Ya fito ya zauna. Ya ci biyu ya kasa na uku. Ita tana kankare kasko da ɓawon ƙwarya, tana yi a hankali, wuri ɗaya, har ƙarfen ya fito fari.

"Safiyar nan da ka ce."

"Na'am."

"Ɗumamen tuwo wancan ya ci. A tsaye, bai ko zauna ba. Ya ce gishiri ya yi yawa a miya. Na ce in bai so ya yi aure."

Mushe ya ajiye ƙosan da ke hannunsa, ita ta ci gaba da magana tana kallon kaskon.

"Yana can yana faɗi ke nan."

"In maganarsu gaskiya ce."

"Kullum in maganarsu gaskiya ce. Kai ba ka da taka?" Ta zuba ruwa a kaskon ta ɗauraye. "Da gaskiyarsa. Gishirin ya yi yawa."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, aka fara cire albasa a garake, gari ya cika da warinta. Wata safiya tana tsakiyar suya, mutane na tsaye da kwanoninsu, sai ga Bala da kwando a kai. Ta gaban masallaci ya biyo, don ba wata hanya. Ya sauke a gefen murhu ya durƙusa. Albasa ce manya, jajaye, ta ƙarshe da rijiyar za ta shayar.

"Inna, ga wannan. Kyauta ce, don zumunci. Kada ki riƙe mu a rai."

Delu ta dubi kwandon. Kowa ya jira ta ce ya mayar. Ta ajiye matsami, ta goge hannu a zani, ta kama bakin kwandon ta jawo shi gabanta, ta ɗaga murya yadda har na bakin masallaci za su ji.

"Ku shaida. Na karɓi kwandon aro."

"Inna, kyauta na ce."

"Na ji abin da ka ce. Ajiye ka tafi."

Bala ya waiwaya. Ya duba ko wani zai yi magana. Masu saye duk sun sami abin kallo a cikin kwanoninsu. Ba abin da zai canza, shi ya sani, su sun sani, an riga an yanke, alhaji ma ya aiko an auna wurin. Ya miƙe ya tafi ba kwando.

"Mushe."

"Na'am, Inna."

"Kai ka gani da idonka wannan karon. Ba ka Damagaram."

"Na gani."

"Wannan ranar fa?"

"Ita ma tana nan."

"To."

Bayan 'yan kwanaki babbar mota ta wuce ta gabanta da naɗin giriyaji a baya, ta nufi bakin tabki. Aka ce alhajin bai yarda da maganar rijiya ba, yara na iya faɗawa. Amalanke biyu suka wuni suna kai ƙasa. Mai awon wake ce ta faɗa mata, wannan karon ta san da wa take magana, ta faɗa tana kallon mudunta.

Delu ba ta je ta gani ba. Da safe ta ɗauko albasa ɗaya daga kwandon, ta ɓare, ta yanka ƙanana a cikin ƙullu. Ta jira ko idonta zai kawo ruwa, bai kawo ba. Ta gutsiri ɗan yanki ta sa a baki ta tauna. Albasa ce. Mai ya yi zafi, na farko a layi ya miƙo kwano, ta fara sakawa.